Ranar da Jirgin Lorene Ya Mutu Sau Biyu

Lorene Haskett tana da shekara sittin da uku, arba'in da ɗaya daga ciki a kan kogin Salmon ta yi su. Duk Laraba takan loda wasiƙu da buhunan gari da maganin shanu, ta haura kogi a jirgin ruwanta mai inji zuwa gidajen makiyayan da hanyar mota ba ta kai musu ba a duwatsun Idaho. Aikin mahaifinta ne, ta karɓa tun tana budurwa lokacin da idonsa ya fara rauni. Ta yi aure, ta haifi biyu, mijin ya rasu, yaran suka tafi birni. Laraba dai ba ta taɓa wuce ta ba sai a zafin bana, da aka yi mata aiki a gwiwa, jirgin ya yi mako biyar a ɗaure cikin rumfa.

Jirgin ba shi da farfela. Ruwa yake tsotsa ta ƙasa ya fesar ta baya da ƙarfi, shi ya sa yake bi ta inda ruwa bai kai gwiwa ba. Bakin feshin nan sitiyari yake juyawa. In inji ya mutu, ko direba ya firgita ya rage totur, sai dai ya yi ta murza sitiyari a banza, kogi ya kai shi inda ya ga dama.

Ranar da ta dawo aiki, hayaƙin gobarar daji ya cika kwarin, rana ta yi ja. Ta raba kaya lafiya har gidan ƙarshe. Can ta hango Bernice Kinzer a bakin ruwa tana kaɗa tawul da hannu biyu. Mijinta Orval, tsoho mai shekara saba'in da tara, yana zaune a kan dutse, ya dafe ƙirji, fuskarsa kamar toka.

"Tun safe yake haka, ya ce wai wake ya ci," in ji Bernice. "Na kira ta rediyo, sun ce jirgin sama ba zai iya sauka cikin hayaƙin nan ba. Motar asibiti za ta jira mu a mashigar Tin Cup."

Tafiyar awa ɗaya ce a gangare, in komai ya tafi daidai.

"Yarinya, ke da gurguwar ƙafa za ki ɗauke ni?" Orval ya ce. Tun tana cikin zanin goyo ya san ta.

"Shiga, tsoho. Na ɗauki aladun da suka fi ka nauyi da surutu."

Suka kwantar da shi a kan buhunan da babu komai. Tankin mai biyu ne a jirgin, na hagu ya kusa ƙarewa a hawa, saboda haka Lorene ta juya makunni zuwa tankin dama, suka kama hanya.

Ba su yi minti ashirin ba injin ya yi tari, ya yi tari, ya yi shiru. Sitiyari ya saki a hannunta. Sa'arsu a wuri mai faɗi ne, jirgin ya yi ta juyawa a hankali. Ta murza makulli, ya ƙi. Zatonta ruwa ne ya shiga fetur, amma da ta kwance kofin da ke ƙasan matatar mai, ta gan shi tas. Ta taɓa wayoyin batir, duk a ɗaure. Ta sake murzawa, sai ga shi ya tashi kamar bai taɓa yin komai ba.

"Me ya same shi?" Bernice ta tambaya.

"Ban sani ba."

Wannan amsar ta fi mutuwar injin tayar wa Lorene hankali, domin a gaba akwai gangaren Ƙahon Rago, inda kogi ya matse tsakanin duwatsu biyu, ya kuma karya kwana a tsakiya.

Suna jin rugugin gangaren injin ya sake mutuwa. Wannan karon ruwa na da gudu. Lorene ta fizgi dogon filafili, ta durƙusa a kan gwiwar da aka yi wa aiki, ta shiga tuƙi da duk ƙarfinta zuwa gefen dama.

"Bernice, kama reshen can! Kama ki riƙe, ko hannunki zai cire!"

Tsohuwar ta rungumi reshe, jirgin ya ja ta, ta ƙi saki, har Lorene ta zarga igiya a saiwa. Orval ya daina tsokana. Idonsa a rufe, yana numfashi ta baki.

Lorene ta tilasta wa kanta tsayawa ta yi tunani. Injin da ya lalace ba ya warkewa don ya huta. Wannan kuwa ya yi gudu, ya mutu, ya huta, ya tashi. Kuma duk hawan da ta yi da safe ko tari bai yi ba, sai da ta koma tankin dama. Ta rarrafa ta buɗe murfinsa. Iska ta shige da ƙara, fuuu, kamar an buɗe kwalbar lemo.

Kowane tanki yana da ɗan rami a jikin jirgi inda iska ke shiga ta maye gurbin man da aka sha. Ta leƙa na dama. A toshe yake da busasshiyar laka. Zanzaro ya yi gida a ciki, makonnin da take kwance.

"To bar murfin a buɗe mu tafi!" in ji Bernice.

"A gangaren nan? Ruwa zai cika tankin, mu mutu a tsakiya. Ba ni tsinken saƙarki."

"Riga nake yi wa jikata."

"Sai ta sa mai hannu ɗaya. Miƙo!"

Bernice ta zare tsinken daga jaka, zaren ya warware. Lorene ta soka, ta ƙwaƙule, ta sa baki ta hura, ta tofar da laka da ɗanɗanon fetur. Minti huɗu aikin ya ci, tana jin kowane ɗaya a jikinta. Ta rufe murfi, ta murza makulli. Ya tashi.

Ba ta da tabbacin ta gama da matsalar, kuma babu lokacin gwaji. Ta kwance igiya, ta shiga gangaren.

A tsakiyar gangaren dutsen hagu ya taso musu, baƙi, ruwa na hawa kansa. Bernice ta ƙwalla ihu.

"Rage gudu! Lorene, rage!"

Lorene ta tura totur har ƙarshe, ta karya sitiyari. Gindin jirgin ya zame, dutsen ya wuce kusa da har za a iya taɓa shi, igiyar ruwa ta zubo musu a ka. Sai ga su a ruwa mai laushi, injin na ta gurnani bai fasa ba.

Orval ya buɗe ido ɗaya, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

"Ubanki ya fi ki iya wannan kwanar."

"Ubana sau biyu ya bugi dutsen nan. Rufe baki ka yi numfashi."

A Tin Cup ma'aikatan asibiti biyu suna tsaye cikin ruwa da gadon ɗaukar mara lafiya. Suna ɗaga Orval ya kamo hannun rigar Lorene.

"Dawakina. Ban buɗe musu ƙofar zuwa rafi ba."

Motar ta tafi da shi da Bernice. Lorene ta zuba shayi a kofi. Ta zauna a kan tsakuwa ta shanye. Sannan ta cika tankunan biyu, ta koma sama ta buɗe wa dawakin.

Ranar Juma'a Bernice ta bugo waya. Likita ya ce da sun ƙara awa ɗaya, da labari ya bambanta. Orval yana zaune a gado, ya riga ya yi faɗa da masu kawo abinci a kan rashin gishiri.