Rubutun da ke Saman Ƙofar Yohanna

Ranar Asabar ce. Na dawo daga sallar asuba na tarar da maƙwabcina Yohanna ya jingina ƙarfen taga a jikin bangona. Mai walda ne. Tun kafin damina yake min alkawarin zai sa wa tagar ɗakin mahaifiyata ƙarfe, don ita kaɗai ce tagar da ta rage ba ƙarfe a gidan. Ya ce da la'asar zai zo da inji. Na ce na sha jin labarin wannan la'asar. Ya yi dariya, ya leƙa tagar ya gaida tsohuwa da guntun Fillancinsa, ta amsa daga kan gado. Matata Dudu tana dama kunun gyaɗa. Matarsa Rifkatu tana shanya kayan makarantar yara a igiyar da muka ɗaura tsakanin gidajen biyu.

Sai na faɗi yadda muka zo wurin, don a gane abin da ya biyo baya.

Wata ƙungiyar Kirista ce ta sami fili a bayan Shagari Low Cost, ta ce za ta taimaki marasa ƙarfi su mallaki gida. Ba ta tambayi addinin kowa ba. A lokacin ina zaune a Yola Gari, a tsohon gidanmu na gado, ni da mata da 'ya'ya biyu a ɗaki ɗaya. Dada, wato mahaifiyata, tana kwana a bayan labule a ɗakin wasu. Da na shiga tsarin, Hamma Jalo, ɗan wan mahaifina da ke riƙe da gidan, ya ce duk wanda ya kwana a ƙarƙashin kwanon coci wata rana zai tashi da waƙarsu a baki. Ya daina cin abinci tare da ni.

Aikin na gayya ne. Kowane iyali zai yi aiki a kan dukan gidajen, buga bulo, ɗibar yashi, kwaɓa siminti, kuma ba wanda zai san nasa sai an gama an jefa ƙuri'a. Sun ce ta haka ba wanda zai yi ha'inci a bangon wani. Amma ni raina ya riga ya kwanta da gidan da ke kusa da darbejiya. Ranar da aka yi wa gaban gidajen shafe, na ɗauki ƙusa na rubuta Bismillahi a ɗanyen simintin saman ƙofarsa, na ƙara da ajami a ƙasa: Allah ka tsare masu gidan nan. Yohanna ya gan ni. Ya karɓi ƙusar, ya je gidan gefe ya zana gicciye babba a saman ƙofa.

Ƙuri'a ta juya mu. Shi ya sami mai Bismillahi, ni na sami mai gicciye. Muka roƙi a musanya. Matar da ke kula da aikin ta ce doka ta hana, in aka yi wa ɗaya kowa zai zo da dalilinsa. Yohanna ya ce shi ba zai kankare addu'ar da aka yi wa gidansa ba. Ni kuma na ji nauyin in kankare nasa yana kallo. Dada ta ce ita ƙofar da za ta rufe da hannunta ce ta dame ta, ba abin da ke samanta ba. Haka aka bar su.

Mutanen unguwar kusa suka sa wa wurin suna layin coci. Mai shagon bakin hanya ya daina amsa min sallama. A cikin Kiristocin ma akwai masu gunaguni cewa an ɗauki sadakarsu an ba Musulmi. Mun ji duka, muka yi shiru, don muna da rufi.

Da hantsi na fara jin ƙarar babura suna gudu ta hanya guda, daga wajen kasuwa. Sai ƙarar ƙofofin shaguna ana ja. Sai shiru. Hayaƙi ya tashi a gabas, baƙi, irin na taya. Wata mata ta wuce da gudu, takalmi ɗaya a hannu, ba ta tsaya ta gaya mana komai ba. Har yau ban san takamaiman abin da ya tayar da rikicin ba. Kowa da irin nasa labarin.

Yohanna ya shigo ba sallama. Wani ya kira shi a waya, ya ce masu zuwa ƙofofi suke dubawa. Ya ce in kwaso iyalina mu shiga nasa. Dudu ta ja yara ta tafi. Dada ta ƙi. Ƙafafunta sun daɗe da mutuwa, amma ta riƙe ƙarfen gado da hannu biyu, ta ce ba mai fitar da ita daga ɗakinta. Muna cikin lallashinta muka ji ihu a bakin layi. Na ce wa Yohanna ya koma ya kulle. Na sa hulata, na riƙe tasbaha, na tsaya a ƙofa. Na ɗauka fuskata da harshena za su isa.

Samari ne, da gorori da adduna da jarkoki. Na gane wasu. Ɗaya ma ni na ɗinka masa rigar salla. Suka tsaya a gidan Yohanna, na gaba ya ɗaga kai ya karanta.

"Ku bar wannan. Namu ne."

Suka matso nawa. Ya sake ɗaga kai.

Na yi musu sallama. Na faɗi sunana da na mahaifina da unguwarmu a Yola Gari. Na yi kalmar shahada. Na ce akwai tsohuwa a ciki. Wani ya ce munafuki ne, ya sayar da addininsa an biya shi da kwano. Wanda na yi wa ɗinki ya kau da kai. Gora ta same ni a bayan kunne. Na faɗi a kan dakali. Wani ya taka min hannu ya tsaya a kai.

"Zuba."

Na ji warin fetur. Na ji ƙarar wuta lokacin da ta kama labulen falo. Na ji tarin Dada daga ɗakin baya. Gidajen nan ƙofa ɗaya gare su.

Daga inda nake kwance ina ganin ƙasan kayan da Rifkatu ta shanya. Na ga ƙafafu sun wuce ta bayansu, ba takalmi, zuwa bayan gidana. Na san ƙafafun. Tarin ya tsaya. Can sai wani daga cikinsu da ya zagaya ya yi kira.

"Ga ɗaya nan. Mai waldan nan ne."

Yohanna ya fito ta tsakanin gidajen. Ƙofarsa tana nan kusa, taku kaɗan. Bai nufe ta ba. Ya yanki hanyar babban titi da gudu, suka bi shi duka, har wanda ya taka min hannu. A wajen kwalbati suka cim masa. Ban gani ba. Na ji. Bai daɗe ba.

Na rarrafa zuwa baya. Dada tana kwance a cikin masarar da muka shuka, zaninta ya ƙone a gefe, tagar ɗakinta tana fitar da hayaƙi. Ƙarfen yana nan jingine inda ya bar shi da safe.

Na buga ƙofar Yohanna na kira sunan Dudu. Suka fito, mata biyu da yara shida. Dudu ta cire hijabinta ta sa wa Rifkatu, ita ta yafa zanin gado. Na goyi Dada. Muka bi ta gonaki. Ladan yana kiran azahar a wani masallaci, wuta tana cin layinmu a bayanmu.

Rifkatu tana ta waiwaye. Ta tambaye ni inda yake. Na ce ta kula da ƙafar ƙaramin.

A wata mahaɗa wasu samari sun gindaya itace. Suka tsayar da mu, suka nuna Rifkatu, suka ce ta karanta Fatiha. Dudu ta rufe su da faɗa cikin Fillanci, ta ce ko ba su ga jinin mijinta ba ne, ko ba su ga tsohuwa a baya ba. Suka dubi kunnena. Suka ja itacen.

Da la'asar muka isa fadamun shinkafa na Njuwa. Na sauke Dada a kan kunya. Wani mai lambu ya ba mu ruwa a bokiti, ya ce mu sha mu wuce, ba ya son fitina a gonarsa. A nan na gaya wa Rifkatu. Ba ta yi kuka ba. Ta cire hijabin, ta ninke, ta riƙe a cinya. Da za mu tashi ta mayar, saboda yara.

Gab da magariba muka shiga Yola Gari. Hamma Jalo yana tsaye a bakin zaure. Ya dubi kaina, ya ce ai ya faɗa min. Ya ce a shiga da Dada da Dudu da yarana, amma waɗancan su nemi nasu. Dada ba ta yi magana ba tun daga masara. Ta yi a lokacin, daga bayana.

"Mijinta ne ya fitar da ni ta taga. In ba za ta shiga ba, ka ajiye ni nan a titi."

Ya matsa gefe.

Da gari ya lafa 'yan'uwan Rifkatu suka zo da mota daga wajen Numan. Na miƙa wa wanta hannu, ya dube shi ya bar shi a miƙe. Ya ce mutanenku ne suka kashe shi. Rifkatu ta ajiye hijabin Dudu a kan tabarma, a ninke, ta shiga mota.

Na koma layin namu sau ɗaya. Kwanon gidana ya lanƙwashe ya faɗa ciki. Keken ɗinkina ya ƙone, da allunana, da gadon Dada. Ta koma bayan labule. Kullum da safe tana tambayar ko yaron nan ya zo da injinsa.

Gidan Yohanna yana tsaye, a kulle, ko tabon hayaƙi babu. Rubutuna yana nan a saman ƙofar, ba harafin da ya goge. Mutum tara ne suka shiga ƙarƙashinsa a ranar. Takwas suna raye.