Gawayi a Bangon Ajinmu

Jiya aka shafe bangon bayan ajinmu da fenti. Na tsaya ina kallo har warin ya sa mini ciwon kai, domin rubutun ɗaliban tsohon hedimastanmu ne aka rufe, Allah ya jiƙansa.

Duk yaron da ya shigo makarantarmu ta wajen garin Zoza, sai Malam hedimasta ya miƙa masa gawayi ya rubuta sunansa a bangon nan. Ƙarshen kowane zango, yaron ya sake rubutawa a ƙasan na baya. Shi ya sa hannun rigar Malam kullum baƙi ƙirin.

Ina sabon malami wani makiyayi ya zo cire ɗansa. Ya ce wa hedimasta, "Malam, kullum shi ne na ƙarshe a aji. Gara ya bi shanu."

Malam ya kama hannunsa ya kai shi bango. Rubutun yaron na sama a karkace, na ƙasa ya miƙe sarai. Ya ce, "Ɗan'uwana, in za ka duba maraƙinka, da na maƙwabci kake gwada shi, ko da yadda yake bara?"

Mutumin ya daɗe yana shafa bangon, sannan ya tafi ya bar yaron.

Yau yara sun cika mini aji maƙil. Ina ta jera maki har idona ya yi ja, amma in ka tambaye ni yadda waninsu yake bara, ban sani ba. Na gaji, Malam.

Allah ya haskaka kabarinka, ya dube ka da irin idon da ka dubi yaranmu.