Ɗankwali na Goma Sha Biyar

Har yau in na ji ƙamshin sitaci a ƙarƙashin dutsen guga, sai hawa na tara na wani bene a unguwar Bijlmer, can Turai, ya faɗo min a rai. Can Tante Nelda take, Inna Nelda ke nan a bakinmu. Duk 'yar Suriname da ke wannan gefen na Amsterdam, biki ko rasuwa, wurinta take kai angisa, ɗankwalin nan namu da ake naɗewa da fil har ya tsaya ƙyam. Bakinta cike da fil, amma bai taɓa hana ta tsiya ba.

"Ke Shurensy, wannan kai naki kamar kabewa, yadi nawa zan ɓata?"

Shekara talatin da ɗaya suka yi da Tante Orsine, yayar mahaifiyata, gado ɗaya, tukunya ɗaya. Kowa ya sani, amma dangi sai dai su ce "ƙawar Orsine", su cika ciki da girkinta su goge baki. Ni kuwa a gidan na fara gane mace irina ma tana iya tsufa da wadda take so. Ina kewar gidan nan ƙwarai.

Da Orsine ta rasu, kawuna Oom Humbert, yayan Orsine da mahaifiyata, ya sayo yadin anko shuɗi da fari, wanda matan dangi kaɗai ke ɗaurawa ranar jana'iza. Ya dire guda goma sha huɗu a kan tebur.

"Nelda, a taimaka a naɗe mana kafin Juma'a."

Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa. Babu nata. Na buɗe baki zan wanke shi tas, ta take min ƙafa.

"Za a yi, Humbert. A gaida gida."

Na yi fushi da ita, kwana uku ban hau benen ba.

Ranar Juma'a a coci mata sai gunaguni suke yi, wai angisar ta ɗan matse kai. Can sai ga Tante Nelda da tata, shuɗi da fari. Ashe faɗin yatsa uku ta yanke daga gefen kowane yadi, ta haɗa ta ɗinke, ba ta ma ɓoye ɗinkin ba. Ta taho har bencin gaba ta tsaya, babu wurin zama.

Mahaifiyata ta shafa kanta, ta dubi yayanta.

"Yaya, matsa. Wurin mai takaba kake zaune."

Ya matsa. Sai da Tante Nelda ta zauna sannan ta fara kuka.