Maganin da Mama Ta Ɓoye

Jama'a, yau da Mama aka ceci ran wani Bature a unguwar Sparkhill, nan Ingila!

Kwananta goma da zuwa daga Kano. Ni kuma kun san ina yawo da naloxone, maganin nan da ake fesawa a hancin wanda ƙwaya ta yi wa yawa. A kemis aka ba ni, aka koya min.

Ɗazu mun fito cefane Stratford Road, sai ga mutum kwance a bus stop. Leɓe ya yi shuɗi, numfashi da ƙyar! Na kira 999, na zazzage jakata. Babu maganin! Innalillahi!

Sai Mama ta kwance bakin mayafinta. "Wannan kike nema?"

"Mama! Ya aka yi ya zo hannunki?"

"Na ɗauka shaye-shaye kika fara. Babanki zan nuna wa."

Na fesa masa. Can sai ya ja dogon numfashi, ya buɗe ido! Mama ta hau kabbara har ambulance ta iso.

A bas na ce, "Haba Mama, ni kika zarga?"

Ta ce, "Ke, bar tone-tone. Gobe ki kai ni kemis ɗin, ni ma a ba ni nawa."