Rijiyar da ke jikin ledar kifinmu

Ta yaya abin da bai taɓa taka garinmu ba ya zana mini ƙofar gidan da aka haife ni? Na tambayi autata da ke rubuta wannan magana, na tambayi limaminmu, har yau ban samu amsar da ta kwantar mini da rai ba. Abin da na sani kawai, ba zan manta da shi ba har a kai ni inda aka kai Malam.

Mu mutanen tsohon gari ne, wanda ruwan dam ɗin Tiga ya cinye muna da ƙuruciya. Manoma ne mu, ruwa ya mayar da mu masunta. Malam, maigidana, shi ke kamo tarwaɗa da karfasa, ni kuma in yi banda. A haka muka tsufa.

Shekarar da ciwo ya kwantar da shi, autarmu mai koyarwa a Tudun Wada ta samo mana wata mai kanti a Kano. Matar ta ɗanɗana kifin ta yaba, amma ta ce ba za ta sa shi a kantinta ba sai an zuba shi a leda mai takarda, da suna da hoto, kafin azumi. In ba haka ba, za ta karɓi na wasu. Mu kuwa Malam ya daina shiga ruwa, a bakin dam muke sayen ɗanye, kuma kasuwar ƙauye ba ta riƙe gida.

Auta ta zo da wayarta ta zauna a bakin tabarmar ubanta. Ta ce akwai wani abu a ciki, ƙirƙirarriyar basira ake ce masa. An ba shi rubuce-rubuce da hotunan mutane masu yawan gaske ya koya, to in ka faɗa masa abin da kake so, sai ya haɗa maka sabo. 'Yan kasuwa na sa shi ya rubuta musu talla, ya amsa wa masu saye, ya zana hoton kaya. Ni dai na ja kujerata baya, na yi a'uziyya.

Malam ya yi dariya ya ce, "Tsohuwa, aljani ba ya cin caji. Matso."

Ban matso ba. Daga nesa na ji ana karanta tallar da abin ya rubuta kafin in gama juya kifi ɗaya a kan ragar banda. Magana ce mai daɗi kamar ta maroƙi, har da cewa kifinmu na maganin cututtuka.

"Goge wannan," in ji Malam. "Kifina bai taɓa warkar da komai ba sai yunwa."

Hoton farko kuwa teku ne, da manyan jirage da bishiyar kwakwa. Malam ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan ai Legas ce."

"Baba, bai san ku ba," in ji auta. "Abin da ya fi gani yake kawowa. Sai ka faɗa masa."

To fa, nan aka samu aiki. Mutumin da ko kunu sai an lallashe shi, ya tashi zaune. Ya ce ba hoton dam yake so ba, garin da ke ƙarƙashin dam ɗin yake so. Kullum bayan la'asar yana faɗa, auta na rubutawa. Kuka a gabas da masallaci. Rumbuna uku na gidan sarkin noma. Katangar jar ƙasa mai tsagewa a kusurwa. Abin ya zana, Malam ya ce a'a, kukar ta fi haka kauri, a sake. Bai taɓa gajiya da gyara ba, shi ma abin bai taɓa yin fushi ba.

Ranar Alhamis jikinsa ya yi nauyi. Ya kira ni ya yi mini magana ɗaya, daga nan sai kalmar shahada. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Bayan addu'ar bakwai auta ta ce gobe za a kai hoton a buga. Na ce a dakata, akwai saura. Na zauna a gurbinsa a kan tabarmar, na ce ta rubuta: rijiya a hagu da kukar, bakinta na itace, igiya ta ci shi ya yi kwari, ga tulu a gefe. Ta juyo mini da wayar. Ga rijiyar, ga katangarmu a bayanta, da tsagewarta. Garin da na yi shekara da shekaru ina wuce samansa a kwale-kwale, ga shi a tafin hannuna. Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Kifin ya shiga kanti kafin azumi, kuma har yau ana karɓa. Abin ne ke tsara wa auta amsoshin masu saye, amma ba ta aika ko ɗaya sai ta karanta mini.

Na koyi cewa wannan abu gwani ne mai ban tsoro, amma in ka yi shiru zai ba ka tekun wasu. Gaskiyar kayanka a bakinka take. Malam ya riga ni ganewa, shi ya sa ya bar mini aikin. A waccan ranar Alhamis ɗin, ya riƙe bakin zanena ya ce:

"Tsohuwa, kada ki bari a buga babu rijiyar nan. A can na fara ganinki kina jan guga, kika ƙi kallona."