Kwalin da Yaya Sabi'u Bai Buɗe Ba

Yau shekara goma sha bakwai da rasuwar yayana Sabi'u, wanda ya kawo ni Dubai ya koya mini ɗaurin kaya a kasuwar Al Sabkha. Ban yi karatu mai zurfi ba. Abin da na ji makon jiya ne ya hana ni yin shiru.

Da ciwon ƙoda ya ci ƙarfinsa, sai ya shirya komawa Kano. Burinsa ɗaya: ya zauna da Innarmu su kalli faifan ɗawafi da ya sayo a Makka, irin sabon nan mai hoto tar, don ita ba ta taɓa zuwa ba. Ya sayi na'urar da ke karanta faifan, shirgegiya, ya ce in haɗa masa akwati.

Na'urar ta cinye akwatin. Ni kuma ga gem, na'urar wasan yara a talabijin, da na saya wa 'ya'yana, bai kai ta faɗi ba. Son zuciya ɓacin zuciya. Na cire tasa na kai wurin lodi a Ras Al Khor ta bi kwantena ta jirgin ruwa, na cusa kwalin gem ɗina a akwatin. Na ce, "Yaya, ta yi girma, jirgi ba zai ɗauka ba. Wannan kuma ajiye mini sai na zo da Sallah."

Ya ce, "Khalas, shi ke nan, ƙanena, ma jira."

Kafin kwantena ta iso an yi masa sutura.

Makon jiya na shiga shagon Malam Habu mai kayan lantarki. Na ga na'urar faifai ta yanzu ta koma kamar littafi, gem kuwa ya zama gingimari. Na ce da Yaya zai ga yau, dariya zai yi, ya saƙala na'urar a hammata ya hau jirgi. Na ba Malam Habu labarin, na faɗa masa irin gem ɗin. Sai ya dafe kai.

"Innalillahi! Bawan Allah, ai gem ɗin nan yana karanta wannan faifan!"

Ashe wata biyu abin da Yaya ke jira yana ƙarƙashin gadonsa. A sana'armu ba a buɗe saƙon wani, shi ya koya mini hakan. Ko salatif ɗin bai taɓa ba.

Ba da jimawa ba Inna ma ta bi shi, ba ta ga Ka'aba ba, ko a allon talabijin. Na'urori sun girma, sun ƙanƙance, duk sun tsufa. Abin da ya rage na Yaya shi ne ya riƙe amanar wanda ya ci tasa. Allah ya jiƙansa. Ni kuma, jama'a, ku roƙa mini gafara.