Amsar da Malamin Turanci Ya Ƙi Karɓa

Ina aji uku na sakandare a Haɗeja, wata rana malamin Turancinmu ya rubuta "rumination" a allo, ya tambayi ma'anarta. Na ɗaga hannu, don na taɓa ganinta a littafin aikin gona.

"Malam, tuƙa ce, irin wadda shanu ke yi in sun kwanta."

Ya yi dariya har da dafa tebur. "Ku ji ɗan fadama. Ma'anarta tunani mai zurfi, mutum ya yi ta juya abu a ransa. Kai ba abin da ka sani sai saniya. Zauna, Mai Tuƙa."

Sunan ya bi ni. Ko a layin abinci sai in ji wani ya yi kukan saniya a bayana. Da hutu na koma ƙauyenmu kusa da Kirikasamma, ina kiwon shanun babana a bakin ruwa, ba abin da nake saƙawa sai yadda zan rama.

Da za mu dawo na ari ƙamus wurin kawuna. Ma'ana biyu na tarar, ta Malam da tawa. Ban kai masa ofis ba, don can zai ce ya ji, magana ta mutu. Na naɗe shafin na jira, wata biyu cur, har ranar da mai duba makarantu ya zo ya zauna a bayan ajinmu.

Malam ya gama darasi, ya ce ko da mai tambaya, da wata murya mai taushi da ba mu san shi da ita ba. Na miƙe da ƙamus a buɗe.

"Malam, kalmar nan da ka sa mini suna a kanta, a taimaka a karanta mana ma'ana ta biyu."

Ya ce ba darasin yau ba ne. Baƙon ya ce, "Karanta masa mana, Malam."

Ya karanta ƙasa-ƙasa, gumi na jiƙa wuyan rigarsa. Baƙon ya tambaye ni wane suna ne, na faɗa masa, ya rubuta wani abu a takardarsa.

Washegari na sha bulala shida, wai na yi rashin kunya. Ban yi kuka ba, idona cikin idon Malam har aka gama. Daga ranar har na bar makarantar bai ƙara kirana a aji ba, ni ma ban ƙara gaishe shi ba.